Marubucin Tungar Marke

Saliha na tsaka da haɗa hannun wata riga a keken ɗinki ta ji tsayuwar motar mijinta a ƙofar gidansu da ke Kaura. Ta cire ƙafa daga kan keken ta saurara. Ranar kasuwar Shinkafi ce, ranar da Haladu kan yi sawu uku ko huɗu kafin la'asar, kuma bai saba leƙo gida da hantsi ba sai in wani abu ya faru.

Ya yi sallama ya shigo, bai zauna ba. Ya nufi randa ya ɗebi ruwa ya sha, sannan ya tsaya a bakin rumfar da take ɗinki yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce a tasha ya haɗu da wani mutumin Tungar Marke, ƙauyensu Saliha da ke kan hanyar Zurmi, shi ya ba shi labari. Yau bayan azahar mai gari zai zauna da dattawa a kan Malam Mamuda, malamin firamaren garin. Ana zarginsa da cewa shi ya rubuta labarin nan da ake karantawa a rediyo. Shekaranjiya wasu samari sun yi wa gidansa ruwan duwatsu, kuma kawunta Alhaji Armiya'u ya rantse sai an rubuta takardar koke an ɗauke malamin daga garin, an jefa shi wata makaranta can cikin daji, inda malamai uku suka gudu saboda 'yan bindiga.

"Na biyo ne in gaya miki, don kada ki ji a bakin wani," in ji Haladu. "Ki kama bakinki. Namiji ne, ya san yadda zai fid da kansa."

Saliha ta mai da ido kan rigar da ke keken. Ita ta rubuta labarin.

Shekara biyu ta yi tana rubuta shi a littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, da hantsi bayan yara sun fita, in ɗinki ya yi sauƙi. A aji biyar na sakandare karatunta ya tsaya, shekarar da mahaifinta Malam Mudi ya rasu, amma alƙalami bai taɓa fita ranta ba. Labarin wata mata ne mai suna Amatullahi, wadda yayanta ya riƙe gonar fadamar da ubansu ya bari, ya ce mace ba ta gadon ƙasa, har dai abin ya kai su gaban alƙali. Da ta gama ta karanta wa Haladu babi biyu. Ya ce yana da daɗi, kuma shi da kansa ya samo lambar mai gabatar da shirin karanta labarai a wani gidan rediyo a Gusau. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada sunanta ya fito. Ba ya so a mai da shi abin zolaya a tasha, a riƙa nuna shi ana cewa ga mijin mai baki a rediyo. Ita ma ba ta ja ba a lokacin, don ta lura in labari ya zo da sunan mace, maza kan murɗa tashar su ce hirar soyayya ce. Sai ta sa M. Tungar Marke, M ɗin na sunan mahaifinta. Mai shirin ya ƙara masa Malam don kansa, duk Laraba yana cewa daga alƙalamin Malam M. Tungar Marke.

Ta canza sunayen mutane, amma ba ta canza gonar ba. Mangwaro uku a gabas, rijiya mai karyayyen baki, da kwarin da ruwa ke kwanciya har cikin rani. Duk wanda ya taɓa bin hanyar rafi a Tungar Marke ya san gonar da ke hannun Alhaji Armiya'u ce, ya kuma san ƙannensa mata biyu, Kyauta mahaifiyar Saliha da Iyatu, ba su sami ko taku ɗaya a cikinta ba. Kyauta ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Iyatu tana nan, mijinta ya mutu, tana sana'ar daddawa. A mako na shida da fara karanta labarin ta yafa mayafinta ta hau mota zuwa Kaura, ta shigar da ƙarar yayanta a kotun shari'a. Daga nan gari ya ɗau zafi aka shiga neman marubuci. Mutum ɗaya ne a garin sunansa ya fara da M kuma ya iya zuba Hausa a takarda, shi ne wanda ke rubuta wa mutane wasiƙu.

Saliha ta tuna wa mijinta cewa Malam Mamuda shi ya koya mata rubutu, mutum ne mai 'ya'ya tara, ga ciwon suga. In aka tura shi dajin nan wani abu ya same shi, a wuyan wa za a rubuta?

"Baban Anisa, ina neman izininka in je."

Ya ce ta san halin da hanyar Zurmi take ciki. Ya ce ta san kawunta, in ya ɗaure fuska ko mai gari shakkarsa yake. Ya ce akwai kuma alkawarin da suka yi tun farko, gobe in ya shiga tasha da wane ido zai kalli mutane. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce duk ta sani. Ya duba agogon wayarsa, don ya baro fasinjoji a cikin mota suna jira.

"Ni dai ban ce ki je ba."

"Ka hana ni ke nan?"

Ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya juya ya fita. Ta ji tashin motar har ƙararta ta ɓace a kwanar masallaci. Ta ɗan jima a zaune da rigar da ba ta gama ba a cinyarta. Bai ce je ba, bai kuma ce kar ki je ba. Ta miƙe ta buɗe akwati, ta ɗaga atamfofi ta zaro littattafai biyar da ke ƙarƙashi, ta zuba su a jaka. Ta leƙa ta katanga ta roƙi maƙwabciyarta Fauziyya ta karɓi yara in sun taso, ta sa hijabi ta tari keke napep zuwa tashar Zurmi.

Mutum huɗu aka cusa a bayan motar, biyu a gaba. Ba a yi nisa da Kaura ba hira ta faɗa kan labarin rediyo, kamar yadda take faɗawa a kowace mota a 'yan makonnin nan. Wani ɗan kasuwar hatsi da ke gaba ya ce wanda duk ya rubuta shi munafuki ne mai shiga tsakanin 'yan uwa, gona in aka yanka wa mace ai an yanka wa baƙo ne, don gidan wani za ta kai. Wani ɗalibin kwalejin ilimi da ke zaune a gefen taga ya ce ba haka ba ne, Allah da kansa ya yanka wa mace kasonta, kuma shi yana rubutun kammala karatu ne a kan yadda ake nuna mata a labaran Hausa. A ganinsa wannan Malam ya fi matan da ke rubutu sanin zuciyar mace, su ba su da aiki sai soyayya da girki. Da zai san inda yake, da ya je ya yi hira da shi.

Matar da ke kusa da Saliha, ma'aikaciyar asibiti ce a Zurmi, ta ɗan karkato ta ce mata a hankali ita dai ba ta yarda ba. Wurin nan da Amatullahi ke wanke kwanoni tana sake wanke waɗanda ta riga ta wanke, don kada ta ɗago ta kalli yayanta, ba namijin da zai san wannan, sai dai in matarsa ke ba shi labari. Saliha ta yi ɗan murmushi ta ƙara rungume jakarta.

Daga nan aka daina magana, don an shiga inda daji ya matso titi. Direba ya ƙara wuta, kowa bakinsa na motsi. Gero ya yi tsawo a wasu gonakin, wasu kuma ciyawa ce ta cinye su, masu su sun yi shekara biyu ba su iya zuwa ba. Sai da aka wuce shingen sojoji na biyu ɗan kasuwar ya sauke numfashi ya nemi goro.

Ana kiran azahar ta sauka a Tungar Marke. Ba ta nufi gidan kowa nata ba, ta wuce kai tsaye gidan mai gari ta shiga cikin mata. Ta yi alwala ta yi salla, sannan ta gaya wa uwargidan tana da magana a zaman da za a yi. Tsohuwar ta dube ta da mamaki, ta ce mata ba sa shiga zaure in dattawa na zaune, in tana da saƙo ta faɗa wa namiji ya kai. Saliha ta ce to, ta koma ta zauna a kan turmi kusa da ƙofar zauren ta cikin gida, inda ake jin komai.

Muryar kawunta ta fara ji. Alhaji Armiya'u ba ya ɗaga murya, bai taɓa buƙata ba. Ya ce shekara ashirin da biyu yana noma gonar nan ba wanda ya ce uffan, duk kaka yana aika wa ƙannensa damin gero, sai da wani baƙo mai cin albashi ya zo ya zuba wa mace magana a kunne, yau ga shi sammaci ya zo har ƙofar gidansa. Malam Mamuda ya yi rantsuwa cewa shi ma a rediyo yake jin labarin kamar kowa. Ya ce shekara ashirin da ɗaya yana koyarwa a garin, waɗanda suka jefi gidansa duk ta ajinsa suka bi. Wani ya ce in ba shi ba ne to ya faɗi wane ne. Sai ta ji an ce a kawo takardar, dattawa su dangwala hannu.

Ta cire takalmanta ta yi sallama ta shiga.

Mutum kusan ashirin ne zaune a kan tabarmi, mai gari a kan buzunsa, Malam Mamuda shi kaɗai a tsakiya, ya rame fiye da yadda ta san shi. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaida mai gari, ta gaida liman, ta gaida kawunta, shi bai amsa ba. Mai gari ya ƙura mata ido har ya gane ta, ya ce ɗiyar Kyauta ce, lafiya?

"Ranka shi daɗe, Malam Mamuda ba shi ya rubuta labarin ba. Ni na rubuta."

Ta zaro littattafan ta ajiye su a gabanta a kan tabarma.

Ta yi zaton za a yi mata ca, ta shirya wa hakan tun a mota. Dariya ce ba ta shirya wa ba. Kawunta ne ya fara, 'yar gajera ta hanci, sai wasu suka bi. Ya ce wagga da ko sakandare ba ta ƙare ba, tela ce a Kaura, ita za ta rubuta abin da ake karantawa a Gusau? Liman ya miƙa hannu aka tura masa littafi ɗaya, ya sa tabarau ya buɗe shafi biyu uku, ya ce rubutu dai ga shi, amma kowa na iya sauraron rediyo ya kwafa. Ta ce a duba littafi na biyar, babi biyu na ƙarshe ba a karanta su ba tukuna. Aka ce to ai wanda ya rubuta zai iya ba ta ta kwafa.

Can daga baya wani ya yi magana, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Ya ce abin tambaya shi ne mi ke tsakaninta da malamin, da za ta baro ɗakin mijinta ta biyo wannan hanya ta zo ta ɗauke masa laifi.

Saliha ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya. Malam Mamuda ya ɗago da sauri ya ce a ji tsoron Allah, yarinyar nan 'ya ce a wurinsa. Sannan ya juyo gare ta, cikin tausayi, ya ce ya gode da abin da ta yi niyya, amma kada ta jefa kanta cikin abin da ba ruwanta don ta cece shi, Allah yana nan. A nan ta gane shi ma bai yarda ba. Wannan ya fi dariyar yi mata zafi.

Ta gyara durƙusonta ta fuskanci kawunta. Tun tana yarinya ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba, yanzu ma gefen rawaninsa take kallo.

"Kawu, a babi na huɗu yayan Amatullahi ya zo ɗakinta kwana arba'in da rasuwar ubansu. Ya ɗaure mata tunkiya a bakin ƙofa, ya ajiye mata butar alwalar tsohon, ya ce wannan ne rabonta. Da ta yi zancen gona ya ce ƙasa ba ta bin mace gidan miji. Ta ce to ka bar ni da mangwaro ɗaya, ya ce mangwaro a ƙasa yake tsaye." Ta ɗora hannu a kan littattafan. "Mutum uku ne a ɗakin ranar. Kai, da mahaifiyata, da ni ina tsintar wake a bayan ƙofa, shekarata tara. Malam Mamuda ko garin nan bai zo ba tukuna."

Carbin da ke hannun Alhaji Armiya'u ya tsaya. Bai musa ba, bai kuma dube ta ba. Mai gari ya jira shi ya yi magana, ya ƙi. Saliha ta kalli hannun nan da ya tsaya, sai ta fahimci abin da ba ta yi tunaninsa ba a baya. Tun ranar da aka karanta babi na huɗu kawunta ya san daga cikin gida maganar ta fito. Ya fi masa sauƙi ne a ce baƙo ya yi masa ƙage.

Mai gari ya yi gyaran murya. Ya ce ya ji, amma magana irin wannan ba a yanke ta a kan bakin mace ita kaɗai. Ina mijinta? Da saninsa ta zo? Ta ce yana hanyar Shinkafi. Aka ce ta ba da lambarsa. Wani daga cikin dattawan ya kira ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a gaban mai gari. Sau biyu tana katsewa kafin a ɗauka. Hayaniyar tasha ta cika zauren, 'yan kamasho na kiran Kaura saura mutum ɗaya.

Mai gari ya faɗi sunansa, ya ce ga matarsa nan a gabansu tana cewa ita ta rubuta labarin rediyo, suna son jin ta bakinsa. Haladu ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har mai wayar ya duba ko ta katse. Saliha ta sunkuyar da kai tana kallon saƙar tabarma. Ta san yana tsaye ne a cikin abokan aikinsa, ta san kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta mai da ita maƙaryaciya, ta tabbatar da abin da mutumin baya ya faɗa.

"Ranka shi daɗe, ita ta rubuta. A gabana ta rubuta, da wayata aka aika."

"Da izininka ta zo?"

Aka sake jin 'yan kamasho.

"Ta gaya mini za ta zo. Ban hana ta ba."

Shi ke nan aka yarda. Littattafai biyar da shaidar idonta ba su yi ba, magana biyu a waya ta yi. Mai gari ya sa aka naɗe takardar koken, ya ba Malam Mamuda haƙuri a madadin gari, ya ce za a nemo samarin da suka yi jifa su gyara masa rufin ɗaki. Zauren ya saki jiki. Wani tsoho ya karkaɗe rigarsa ya ce ashe tatsuniyar mata ce muka tara dattawa a kanta tun azahar, aka yi dariya, wannan karon ta jin daɗi. Ba wanda ya ƙara zancen ƙage ko ɓata suna. Mai gari ya yi wa Saliha nasiha a kan zumunci, ya ce zai gaya wa mijinta ya ja mata kunne, ta tashi ta tafi Allah ya yi mata albarka.

Tana tattara littattafanta Alhaji Armiya'u ya zo wucewa. Ya tsaya daidai kanta, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji. Ya ce daga yau kada ta ƙara taka ƙofar gidansa, ko mutuwa aka yi. Ta ce to, Kawu.

A waje Malam Mamuda na jiranta a inuwar bango. Ya roƙi ta ba shi littafi ɗaya ya gani. Ya buɗe ya daɗe yana kallo, yana bin layi da yatsa kamar yana duba aikin gida. Ya ce harafin ƙa ɗinta har yanzu yana kwantawa baya, kamar yadda take yi a aji uku. Ya rufe ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce ta yafe shi, duk makonnin nan yana lissafa mutanen garin da za su iya wannan rubutu, ko sau ɗaya bai lissafa da mace ba.

Rana ta fara karkata. In ba ta fita titi kafin la'asar ta yi sanyi ba, ba za ta sami mota ba, direbobi ba sa bin hanyar da yamma. Duk da haka ta bi ta lungun marina zuwa gidan Inna Iyatu.

Labari ya riga ta isa. Iyatu na zaune a tsakar gida tana mulmula daddawa tana jerawa a faifai, warin kalwa ya cika gidan. Ba ta tashi ba, ba ta kuma nuna mamaki ba. Ta nuna mata tabarma da haɓa, ta tura mata kwanon fura. Sai da Saliha ta sha ta ajiye ludayi sannan ta ce ta yi zargin hakan tun daga zancen tunkiya, don Kyauta ta taɓa ba ta labarin ranar, amma ta ce a ranta ɗiyar Kyauta ba ta da wannan bakin.

Ta ci gaba da mulmula daddawarta. Can ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, yaya labarin ya ƙare. Ita rediyonta ya lalace tun mako biyu, kuma ba ta da haƙurin jira. Amatullahi ta sami gonar?

Saliha ta girgiza kai. Ta ce a'a. An yi ta ɗage shari'ar, damina ta zo ta wuce, ciwo ya kama ta, ta rasu saura kwana tara a yanke hukunci.

Iyatu ta ajiye daddawar da ke hannunta ta goge tafinta a zane.

"Uwarki kika rubuta," ta ce. "Ita ko ƙarar ba ta kai ba, Allah ya jiƙanta. Ni ban mutu ba. Kada ki aika musu wannan tukuna."

Sannan ta faɗi abin da ke ranta. Alƙali ya ɗage zama zuwa Talata, ya ce ta zo da shaidun da za su tabbatar gonar ta ubansu ce kuma ba a taɓa raba ta ba. Duk garin nan sun sani, har awaki sun sani, amma ta bi gida goma sha ɗaya ba namijin da ya yarda ya tsaya. Wani tsoho ya yi mata alkawari, washegari aka ce ƙafarsa ta kumbura. Ita ba ta iya karatu ba, ba ta san yadda ake magana a gaban alƙali ba, ranar farko ma da aka ce ta yi bayani harshenta ya sarƙe sai da magatakarda ya taimaka mata. Ta ce yanzu ga wadda ta ji da kunnenta yadda aka yi rabon, ta kuma faɗa a gaban dattawa ashirin ba a ƙaryata ta ba.

Saliha ta kalli jakarta. Duk shekara biyun nan ta ɗauka rubutun shi ne nata kason, ta faɗa daga bayan labule ta koma kan kekenta. Ta tuna kotun Kaura, tana kusa da tasha, duk wanda ya shiga ko ya fita 'yan kamasho na ganinsa. Ta tuna Haladu da shirun da ya yi a waya, da abin da zai tarar gobe da safe in ya je ɗaukar lodi, da maganar da ke jiranta a gida yau. Ta ce sai ta tambayi Baban Anisa.

Iyatu ta ce ta tambaye shi mana, wa ya hana. Ta ɗauko leda ta zuba mata daddawa shida ta ƙulle, ta ce a kai wa yara, ta tashi kada mota ta wuce ta.

Ta rako ta har bakin zaure. Saliha ta sa takalmi ta rataya jaka, ta yi taku biyu ta juyo.

"Inna, ƙarfe nawa ake zama?"

"Tara. Amma ki zo takwas," in ji Iyatu. "Bencin mata ɗaya ne, yana cika da wuri."